Algaita da 'Yar'uwarta ta Turai

Mu mutanen Toranke da Ajingi da Gaya mun san muryar algaita, yadda takan keta ƙarar ganguna ran hawan salla, mai busa ya cika kumatu, yana jan numfashi ta hanci, busa ba ta yankewa. To, Turawa suna da wata mai kama da ita, sunanta kilarinet. Wani maƙeri, Denner, mutumin Nuremberg a Jamus, shi ya gyara ta wajen 1700.

Ga bambancinsu. Bakin algaita kara biyu ne a haɗe, na kilarinet guda ne tak, don haka tana iya yin ƙasa da murya kamar mai raɗa. Algaita kuwa ba ta san raɗa ba, aikinta fili ne.

Wannan taushi ya ja hankalin Weber. A 1811 ya tsara wa Baermann, gwanin busa na Munich, kiɗa uku, inda sauran makaɗa ke sassautawa, kilarinet ta yi magana ita kaɗai, su kuwa suna amsawa. A ganinmu, wanda ya saba sauraron algaita ba zai sha wuyar bin Baermann ba, sai dai ya ƙara kasa kunne.