Tasirin Rage Itatuwa da Ƙonen Daji a Kan Ƙwarin Bishiya a Kudancin Katsina

Gabatarwa

Idan ana maganar ɓarnar daji a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, hankali yakan tafi ga manyan itatuwa da namun dawa. Ba kasafai ake tunawa da ƙananan halittun da ke zaune a reshe da ganye da ɓawo ba, watau ƙwari da gizo-gizo. Wannan maƙala za ta duba yadda sara da wuta ke shafar su, musamman a dazuzzuka irin na Kogo da ke yankin Faskari, wanda gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mai da shi gandun daji na ƙasa.

Bishiya a Matsayin Gari

Bishiya guda tamkar gari ce mai unguwanni. Ƙudan zuma na kogo, tururuwa na bin reshe, gizo-gizo na ɗaura saƙarsa tsakanin rassa yana kama ƙwarin da ke cin ganye. Akwai kuma tsutsar da ke kiwo a ganyen doka da tsamiya, wadda daga gidanta ake samun zaren tsamiya da maɗinka ke yi wa manyan riguna aiki da shi. Don haka rayuwar waɗannan halittu tana haɗe da sana'ar Bahaushe.

Rage Itatuwa

Mai sassabe da mai itacen girki da mai gawayi ba sukan share daji gaba ɗaya ba. Tsince shi suke yi, kuma kirya da marke su ne kan gaba wajen shan gatari. Da zarar kawunan itatuwa sun rabu da juna, sai rana da iskar hunturu su ratsa, laima ta gushe. Ƙwarin da ke buƙatar inuwa su ragu, gizo-gizo mai saƙa ya rasa maɗaura. Masu son rana, kamar fara, su ne ke samun sarari, domin ciyawa na ƙaruwa. Mafi munin asara ita ce ta tsohuwar bishiya mai kogo, saboda shekaru masu yawa ake ɗauka kafin a sami madadinta.

Ƙonen Daji

Wuta iri biyu ce. Wadda aka saka da kaka, ciyawa na da sauran danshi, ƙasa-ƙasa take bi, tana barin tsibirai da ba ta taɓa ba. Amma wutar bazara, wadda mafarauta kan cinna bayan komai ya bushe, takan haura har kan rassa, ta ƙone ƙwai da tsutsa da masu ɓuya cikin ɓawo. Masu fiffike sukan tsere. Marasa shi kuwa sai halaka. Abin lura shi ne kaɗanya da rani take fure, kuma ƙudan zuma na cikin masu yi mata barbara. Wutar da ta kori zuma ta rage ƙwaryar mai kaɗe tun kafin damina.

Farfaɗowa

Daji yakan farfaɗo idan an bar masa iri. 'Ya'yan gizo-gizo sukan saki siririn zare, iska ta ɗauke su zuwa wata bishiya, ta haka suke komawa inda wuta ta ci. Sai dai wannan ba ya yiwuwa in babu wani yanki kusa da ya tsira. In kuwa sara da wuta suka haɗu shekara bayan shekara, ciyawar da ta ƙaru saboda saran ita ce ke ƙara wa wutar ƙarfi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa lokacin ƙuna da yawan sara su ne ma'aunin ɓarna. Ya kamata ƙunar da ta zama dole a yi ta da wuri, yanki-yanki, a kuma bar tsofaffin itatuwa da na bakin rafi a tsaye.