Idan Na'urar Jinya Ta Cutar da Dubban Mutane a Amurka, Wace Kotu Za Ta Saurare Su?

Idan ƙugun ƙarfe da aka dasa wa mutane ko injin numfashi ya cutar da dubban majinyata a Amurka, ƙararraki kan barbazu a kotunan tarayya na jihohi daban-daban. Kowane alƙali sai ya kira shaidu iri ɗaya, ya nemi takardu iri ɗaya, hukunce-hukunce su yi ta cin karo da juna. Shi ya sa a 1968 majalisar dokokin ƙasar ta kafa kwamitin alƙalai bakwai, waɗanda Alƙalin Alƙalai ke naɗawa, domin tattara irin waɗannan ƙararraki gaban alƙali guda.

Majinyaci ba shi ke zaɓar kotun ba. Lauyoyin ɓangarorin biyu ne ke kawo hujja, kwamitin ya yanke. Abin da yake dubawa shi ne inda kamfanin da ya ƙera na'urar yake, tunda can takardu da shaidu suke, da inda aka fi shigar da ƙara, da ƙwarewar alƙalin da yawan aikin da ke gabansa.

A 2021 kamfanin Philips ya janye injinan numfashi na masu barci, saboda soson da aka sa a ciki don rage rugugi yana marmashewa, mutum ya shaƙa. Kwamitin ya kai shari'ar Pittsburgh, kusa da masana'antar kamfanin. Shari'ar ragar da ake dasa wa mata a mara kuwa, West Virginia aka kai ta, gaban Mai Shari'a Joseph Goodwin, wanda ya riga ya san lamarin, har ƙararrakin suka haura 100,000.

Idan abin ya shafe ka, fara da adana shaida: sunan na'urar, lambarta, da takardun asibiti. In za a cire ta daga jikinka, ka nemi a ajiye ta, kada a yar. Kada kuma ka zauna jiran hukuncin kwamitin, domin kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara, a wasu shekara biyu kacal.

Sannan ka tambayi lauyanka wace kotu zai goya wa baya, kuma me ya sa. Kusancin kotu da gidanka bai kai muhimmancin samun alƙalin da ba ya jan shari'a ba. Ka nemi a rubuta maka kason da za a cire daga diyyarka, har da na lauyoyin da ke jagorantar shari'ar gaba ɗaya.

Tattarawar ba ta haɗiye ƙararka. A 1998 Kotun Ƙoli ta ce idan an gama bincike ba a sasanta ba, a mayar da kowace ƙara kotun da ta fito. Saboda haka duk tayin sulhu da aka kawo, ka auna shi da irin cutarwar da aka yi maka kafin ka sa hannu.