Darasi Daga Bakin Teku: Me Ya Sa Masu Hawa Igiyar Ruwa Ke Jiran Hunturu?

'Yan uwa ɗalibai, idan watan Disamba ya kama, mu a nan abin da ke gabanmu shi ne rigar sanyi, man shafawa da karatun jarrabawa. A daidai wannan lokacin kuma dubban mutane daga Turai suke ɗaure kayansu su nufi Taghazout, wani ƙauyen masunta da ke kusan kilomita 20 arewa da Agadir a Maroko, ko tsibirin Ngor a Dakar ta Senegal. Ba rana kaɗai suke bi ba. Igiyar ruwa suke nema, wasu su hau ta a kan allo, wasu a cikin siririn kwale-kwalen da ake kira kayak. To me ya haɗa hunturu da igiyar teku? Amsar tana cikin darasin fiziks da yawancinmu muka haddace don cin jarrabawa kawai.

Daga ina igiyar take tasowa?

Iska ce ke haifar da igiyar ruwa. Girmanta ya dogara da abu uku: ƙarfin iskar, daɗewarta tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta kaɗa a kai. Daga Nuwamba zuwa Maris ake samun manyan guguwa a arewacin Tekun Atlantika, wajen Ayislan da Girinlan. Guguwar tana can tana ta'adi cikin sanyi, amma igiyoyin da ta tayar sai su bar wurin su yi tafiyar dubban kilomitoci. A hanya ƙanana masu hargitsi suna mutuwa, dogaye kuma su jeru sahu-sahu. Su ne ke isa gaɓar Maroko da Senegal, inda rana ke haskawa abinta. Haka abin yake a Hawai: guguwar arewacin Tekun Fasifik ce ke kai manyan igiyoyi arewacin tsibirin Oahu a waɗannan watanni.

A lura, ba ruwan Ayislan ne ke zuwa Dakar ba. Ƙarfin ne ke tafiya, ruwan kuwa zagaye kawai yake yi a inda yake. Ka kaɗa igiyar shanya daga gefe guda, za ka ga motsin ya isa ɗaya gefen alhali igiyar ba ta je ko'ina ba.

Ɗan lissafi

Abin da masana ke fara dubawa shi ne tazarar lokaci tsakanin igiya da mai bi mata. A ruwa mai zurfi, gudun igiya a mita cikin sakan ɗaya ya kai kusan 1.56 sau wannan tazara. Mu ɗauki tazarar sakan 14. Gudunta zai zama kusan mita 22 a sakan, tsawonta daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa kuma ya ɗan haura mita 300. Sai dai ayarin igiyoyin gaba ɗaya, wanda shi ke ɗauke da ƙarfin, yana tafiya ne da rabin wannan gudun, wato kusan kilomita 940 a kwana ɗaya. Kun ga ke nan, idan guguwar tana nesa da kilomita 3,000, kwana uku da 'yan awoyi za a jira. Da irin wannan lissafin ake yin hasashe tun kafin igiyar ta iso.

Da ta shigo ruwa marar zurfi, sai gudunta ya ragu, ta taƙure, ta ƙara tsayi. Idan tsayinta ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na zurfin ruwan, sai kanta ya rinjaya gaba ta fashe. Wannan gangaren da ke samuwa dab da fashewa shi mai allo da mai kayak suke zamewa a kai. Idan iska na busowa daga tudu zuwa teku, takan riƙe fuskar igiyar ta tsaya sumul, shi ya sa gwanaye ke sammako.

Kayak a cikin igiya

Mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara ne suka ƙirƙiro kayak don farauta, da fatar dabbar ruwa a kan firam na itace ko ƙashi. Na yau da roba ko zaren gilashi ake yi, kuma na teku yakan kai mita biyar. Hawa igiya a kan allo kuwa tsohuwar al'adar mutanen Hawai ce, kuma ya shiga wasannin Olamfik a karon farko a gasar Tokiyo da aka yi a 2021.

Mai kayak yana da ƙa'idoji. Kafin ya shiga, yakan tsaya a gaɓa ya ƙirga, domin manyan igiyoyi a rukuni suke zuwa, sannan a sami ɗan sarari. A sararin nan ake fita. Yana fuskantar igiyar da hancin jirgi kai tsaye. Idan kuma ta juya shi ta kama shi ta gefe, sai ya karkata jikinsa zuwa gare ta, ya dafa filafilinsa a kanta. Wanda tsoro ya sa ya karkata zuwa gaɓa, nan take zai kife. Rigar hana nitsewa dole ce, kuma ba a fita mutum ɗaya.

Inda abin ya shafe mu

Wani zai ce, ni da ban taɓa ganin teku ba, ina ruwana? Ai da yawanmu za mu je Legas ko Fatakwal koyon aiki ko bautar ƙasa, kuma ranar hutu abokai za su ce a je bakin ruwa. Ko a Tarkwa Bay ta Legas akwai matasa masu hawa igiya.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, kuma sau da yawa ta wata siririyar hanya yake komawa da ƙarfi. Gudunsa wani lokaci yana iya wuce mita biyu a sakan, abin da ko zakaran ninƙaya ba zai iya ja da shi ba. Abin yaudarar shi ne wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina lafawa: ruwan ya fi duhu, ba a ganin igiya na fashewa. Baƙo sai ya ce nan ne lafiya, ya faɗa.

Idan ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutane. Ba ƙasa yake jan mutum ba, waje yake kai shi. Ka natsu, ka bar jikinka ya taso, ka ɗaga hannu a gan ka. In ka iya ruwa, ka yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ka fita daga cikinsa, sannan ka juyo. In ka ga wani a ciki, jefa masa abin da ke tasowa a ruwa, ka kira masu ceto, kada ka bi shi.

Iya ruwa a kududdufin unguwa ko a dam daban yake da iya teku. Wanda bai iya ba, kada ruwa ya wuce masa gwiwa, komai zolayar abokai.