Kafin Ka Taka Ƙofar Kotu

Ɗana, na ji ka ce za ka kai ƙarar mutumin nan da ya ɗebi atamfa bashi a shagonka na Kantin Kwari, yanzu ko waya ba ya ɗagawa. Haƙƙinka ne, ba mai hana ka. Sai dai ka ɗan dakata, ka fara aika masa takarda tukuna.

Kada ka ce ai kun sha magana. Abin da aka faɗa da baki a bakin shago, in an je gaban alƙali kowa da yadda zai tuna shi. Ka sami lauya ya rubuta, ko ka zauna ka rubuta da kanka: sunanka da nasa, ranar da ya ɗauki kaya, turmi nawa, kuɗinsu nawa, abin da ya biya da abin da ya rage. Ka yanka masa wa'adi, kwana 7 ko 14, ka sa lambar asusun da zai tura kuɗin, ka ce in wa'adi ya cika bai biya ba za ka nemi haƙƙinka a kotu. Iyakarta ke nan.

Ban da zagi, ban da “zan sa a ɗaure ka”. Na san ranka a ɓace yake, amma bashi ba aikin caji ofis ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Kuma takardar nan wata rana alƙali zai ɗaga ta ya karanta a gaban jama'a, da ita zai fara sanin irin mutumin da kake. Kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019 ma sai ka nuna ka aika irinta kafin su karɓi ƙararka.

Ka yi ta kwafi biyu. Wanda zai kai ya zama mutumin da zai iya tsayawa shaida, mai karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka kwafin. In ya ƙi karɓa, ka bi ta kamfanin aika saƙo, ka adana rasit.

Wani, ganin hatimin lauya kaɗai ya isa ya nemo kuɗin cikin mako. Wani kuwa ba ha'inci ba ne, karyewa ya yi, kunya ta sa yake ɓuya. Takardarka sai ta ba shi hanyar fitowa da mutuncinsa, ya aiko wani babba a zauna a tsara biya kaɗan-kaɗan. In ka ga irin wannan, ka tuna Suratul Baƙara da ta ce a rubuta bashi ita ce kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Ka dai sa ya rubuta amsarsa ya sa hannu, domin wanda ya rubuta yana roƙon lokaci ya riga ya amsa cewa ana bin sa.

Amma kada takarda ta zama sana'a, yau ɗaya, baɗi wata. Doka ta ƙayyade shekarun da ake iya kai ƙarar bashi, kuma takardarka ba ta tsayar da lissafinsu. In wa'adi ya cika shiru, ka shigar da ƙararka, zan raka ka da kaina. Yanzu dai ka ɗauko littafin shagon bayan La'asar, mu fitar da lissafi tare, kada a ƙara masa ko naira ɗaya da ba ka bin sa.