Yadda ake saka sabuwar manhaja a injin cinikin hannun jari

Matakan farko kowa a sana'ar ya san su. Ka rubuta gyaranka, galibi da C++ ko Java, abokin aiki ya karanta shi layi-layi, sannan a ɗauko bayanan cinikin jiya a zuba wa manhajar kamar yau ake yi, a ga abin da za ta saya da abin da za ta sayar. Wanda ya gama jami'a bara ma zai iya kaiwa nan, wani lokaci har ya fi manyansa sauri.

Daga nan aiki ya koma hannun tsofaffin hannu. Ana jira a tashi kasuwa, ƙarfe huɗu na yamma agogon New York, sannan a fara ɗora manhajar a kan injunan kamfani, waɗanda ke zaune a gini ɗaya da na kasuwar kanta: na NYSE a Mahwah, na Nasdaq a Carteret, duk a jihar New Jersey. Mutum ɗaya ke ɗorawa, na biyu yana bi inji bayan inji yana tabbatarwa. Aiki ne mai gundura, kuma da gangan ake ba masu albashi mafi tsoka, don su suka ga jiya.

A wannan matakin ne kamfanin Knight Capital ya faɗi ranar 1 ga Agusta, 2012. Injuna takwas ne ke aika odarsa. An saka sabuwar manhaja a bakwai, aka tsallake ɗaya, kuma babu wanda ya bi baya ya duba. Sabuwar ta ari wani makunni da a da yake tayar da tsohon tsari mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge shi ba. Da aka buɗe kasuwa ƙarfe tara da rabi, inji na takwas ya tashi gawar, ya dinga aika oda babu tsayawa. Saƙonnin gargaɗi 97 sun shigo tun kafin buɗewa, ba a kula ba. Cikin ruɗewa ma'aikata suka cire sabuwar manhajar daga sauran bakwai ɗin, abin ya ƙara ta'azzara. Minti 45, asarar kusan dala miliyan 440. Shekara na zagayowa kamfanin ya narke cikin haɗaka da kamfanin Getco.

Shi ya sa kafin a taɓa komai babban injiniya yake neman amsa uku a rubuce: wa ke da ikon tsayar da ciniki, da wane maɓalli, kuma in an koma tsohuwar manhaja wane makunni ne za a kashe tare da ita. Ni dai da wannan nake gane gwani, yadda yake nacewa a kan tambaya ta uku har matasa su fara ƙunƙuni.

Da safe inji ɗaya kawai ake buɗe wa hanya, da ƙananan oda da iyakar kuɗin da ba zai wuce ba. Ido na kan allo har lissafin kamfani ya yi daidai da na kasuwa, sannan a saki sauran ɗaya bayan ɗaya. Tsohon rubutun da aka maye gurbinsa kuma a sa ranar goge shi, da sunan wanda zai goge.