DARASI: WA KE RIƘE DA LITTAFIN KUƊI?

Karatu kafin a fara: Misalai 14:15 da Luka 14:28.

'Yan'uwa manoma, a daminar 2024 mun ga samarinmu a Karaye da Rogo suna ta danna waya dare da rana, wai suna haƙo kuɗin Hamster Kombat. Da aka yi rabo a watan Satumba, da yawa suka tarar abin bai taka kara ya karya ba. Duk da haka har yanzu akan ce mu zuba kuɗin takin ƙungiya cikin harkar kirifto. Ya kamata mu san ta tukuna.

Mene ne bulokcen?

Ma'ajinmu yana da littafi guda inda yake rubuta shiga da fita. Bulokcen shi ma littafi ne, sai dai dubban kwamfutoci ne ke riƙe da kofinsa, ba mai iya goge layi a ɓoye. Bitcoin ya soma da shi a 2009. A 2015 Ethereum ya ƙara wata dabara, watau a rubuta sharuɗɗan rance cikin na'ura, ita kuwa ta zartar da kanta, ba banki, ba ma'aji. Wannan ake kira DeFi. Mai neman rance yakan ajiye jinginar da ta fi abin da zai karɓa. In darajarta ta faɗi, nan take na'ura za ta sayar. Ba ta san fari ba, ba ta san rasuwa ba.

Wa ke da murya?

Masu kafa irin wannan aiki sukan ƙirƙiro nasu kuɗi da ake ce wa tokin, su ware wa kansu da manyan masu jari kaso, sa'an nan su sayar wa jama'a saura. A yawancinsu ƙuri'a tana bin yawan tokin, mai dubu ya rinjayi mai goma. Mu kuwa muna bin ƙa'idar da 'yan gama kai na Rochdale ta Ingila suka kafu a kai a 1844: mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Gwauruwa mai 'yar gona da mai shanun huɗa, muryarsu ɗaya ce a taronmu.

In abu ya lalace fa?

A 2016 wata ƙungiyar intanet mai suna The DAO ta tara kimanin dala miliyan 150. A watan Yuni wani ya gano kafa cikin sharuɗɗanta, ya janye wajen kashi ɗaya cikin uku. A Mayun 2022 kuɗin Terra ya rushe cikin 'yan kwanaki. A nan gida, CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, a Afrilun 2025 mutane suka wayi gari ba su iya cire ko kwabo. Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna taɓa kirifto a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023, kana dokar 2025 ta sa harkar ƙarƙashin hukumar SEC. Amma rajista ba lamunin riba ba ce.

Shawararmu

Kuɗin ƙungiya amana ne, kada a kai shi inda ba mu da murya. Amma akwai abin koyi, gama littafin da kowa ke gani da wuya a ci amanarsa. Bari ma'aji ya riƙa karanta lissafi a kowane taro, magatakarda kuma ya riƙe kofi na biyu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yaushe aka karanta lissafin ƙungiyarmu na ƙarshe?
2. In ɗan'uwa ya kāsa biyan rance saboda fari, me ƙa'idarmu ta ce?
3. Wanda ya ce zai ninka mana kuɗi, daga wace gona ribar za ta fito?