Ciyar da Yaro Mai Wahalar Haɗiya

A garuruwanmu akwai yaran da haɗiya ke yi wa wuya, wasu tun haihuwa, wasu bayan sanƙarau. Kada mu yi musu ɗura, gama ɗura takan kai kunu cikin huhu, ta jawo ciwo.

Ga yadda za mu yi. Mu zaunar da yaro sosai, kada kansa ya koma baya. Mu dama kunu da ɗan kauri, don mai ruwa-ruwa ya fi saurin ƙware shi. Mu sayo ƙaramin cokali mai santsin baki a kasuwar Talata Mafara. Mu ba shi kaɗan, mu jira ya haɗiye.

In yana yawan tari wajen ci, ko yana ramewa, mu kai shi asibitin Mafara, ko Bakura, ko Maradun.